Hoton Yaro a Wayar Uwa: Nunawa da Sakayawa a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

A birnin Maraɗi, da sanyin safiyar ranar suna, tun liman bai shafa fatiha ba, akan yi wani aiki wanda kakanni ba su san shi ba. Ƙanwar mai jego, ko wata ƙawarta, takan shiga ɗaki da wayar salula a hannu, ta yaye zanen da aka lulluɓe jariri da shi, ta ɗauki hotonsa. Kafin mahauci ya gama feɗe ragon suna, hoton nan ya isa Yamai da Kano da Agadas, har ya ƙetare hamada ya tarar da wani kawu can Libiya. Sau da yawa mai jego ba ta san adadin idanun da suka ga ɗanta ba, alhali ita da kanta ba ta ko fita ƙofar gida ba tukuna.

Wannan al'amari ya zama abin tattaunawa tsakanin iyaye mata a unguwannin Bagalam da Mokoyo da Zariya da Ali Ɗan Sofo, da Tibirin Gobir, da Jiratawa. Kowace uwa tana son dangi su ga abin da Allah ya ba ta, kuma kowace uwa tana son ta tsare shi. Tambayar da ke gabansu ita ce: wa ya kamata ya gani, yaushe, kuma wane irin hoto?

YADDA AKA GADA

Mutanen kwarin Gulbin Maraɗi ba yau suka fara auna abin da za a faɗa game da yaro ba. Tun daga ciki ake soma sakayawa. Mace ba ta shelar tana da juna biyu; sai dai a lura, a yi shiru. In cikin fari ne, iyayenta sukan ɗauke ta goyon ciki, ta haihu a gabansu. Bayan haihuwa akan aika mutum takanas, da goro a hannu, ya bi gida gida ya sanar da waɗanda suka cancanta, babba kafin ƙarami. Sunan yaro kuwa yana ɓoye har mako ya zagayo, sa'an nan a faɗe shi a bainar jama'a. Uwa tana ɗaki tana wankan jego har kwana arba'in, kuma ba kowane baƙo ake miƙa wa jinjiri ba.

Har bayan suna sakayawa ba ta ƙare ba. Kunyar ɗan fari ta hana uwa kiran sunansa, ta hana ta yabonsa ko wasa da shi gaban mutane. Macen da ƴaƴanta ke mutuwa takan laƙaba wa sabon jariri suna irin su Ajuji ko Ayashe, watau a nuna kamar ba a damu da shi ba, don kada ido ya faɗa kansa. Tsoron kambun baka ya sa in an ga yaro mai ƙiba da kyau sai a ce tubarkalla, ba a wuce nan ba. Masana sun rubuta waɗannan al'adu. Guy Nicolas, Bafaranshe, ya yi shekaru yana nazarin zaman jama'ar wannan kwari, Barbara Cooper kuwa, Ba'amurkiya wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta fitar da littafi a 2019 kan tarihin haihuwa a yankin Sahel.

Amma fa al'ada ba ɓoyo kaɗai ta sani ba. Ranar suna ranar nunawa ce: maroƙa suna kirari, mata suna biki, ana ƙirga abin da kowace ƙawa ta kawo domin a rama mata ran nata. A Tibiri, inda sarakunan Gobir suka kafa gari bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wanzami yakan yi wa jariri tsagar Gobirawa, ta yadda duk inda ya shiga a duniya fuskarsa za ta faɗi asalinsa. Abin lura shi ne, kowane labari yana da ranarsa, yana da mai kai shi, yana da wanda za a kai wa. Tsarin gidan ma haka yake: akwai zaure inda baƙo ke tsayawa, akwai tsakar gida ta dangi da maƙwabta, akwai ɗaki wanda sai na jiki ke shiga.

ABIN DA WAYA TA KAWO

Wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Da farko magana kawai ake yi da ita. Daga baya wayoyi masu ɗaukar hoto suka yi araha, intanet ta shigo aljihu. An ƙirƙiro Facebook a 2004, WhatsApp kuwa a 2009. A 2013 WhatsApp ta ƙara hanyar aika saƙon murya, kuma wannan shi ya buɗe ƙofa ga matan da ba su yi lakwal ba, ba su kuma shiga ajin yaƙi da jahilci ba: ba sai an iya rubutu ba, a danna a yi magana, a danna a tura hoto.

Amfanin abin a fili yake, kuma duk mai son gaskiya sai ya fara da shi. Jahar Maraɗi ƙasa ce ta fatauci da cin rani. Magidanta da yawa suna Kano ko Legas ko Abijan, wasu suna Aljeriya da Libiya, wasu sun bi zinariyar da aka gano a Jado a 2014. Akwai uban da aka haifa masa ɗa yana nesa, bai dawo ba sai yaron ya fara tafiya. A da, sai dai a kwatanta masa a wasiƙa ko a kaset. Yau yana ganin haƙorin farko ran da ya fito, yana jin muryar ƴarsa tana biya Fatiha. Hoton nan yana riƙe zumunci, yana kuma tuna wa na nesa cewa akwai bakin da ke jiran abin da zai aiko. Kakar da ke Tibiri, wadda ƙafa ta hana ta zuwa birni, tana ganin jikokinta sun yi ado ran Salla. Uwar da ɗanta ya sauke Alƙur'ani, ko ƴarta ta ci jarrabawar BEPC, tana da hakkin ta yi murna, dangi su taya ta.

Yawan yaran da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Ƙidayar 2012 ta sami mutum wajen dubu 267 a birnin Maraɗi kaɗai, kuma binciken lafiyar jama'a na wannan shekara ya nuna cewa a jahar Maraɗi mace takan haifi ƴaƴa takwas ko fiye a rayuwarta. Kusan babu ranar da ba a suna a wata unguwa.

INDA HOTO KE KUƁUCEWA

Wahalar tana farawa daga lokacin da hoto ya bar wayar uwa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Hoto ya fi ta, domin shi ana iya kwafarsa sau dubu bai ragu ba.

A ɗauki abin da ake kira Statut a WhatsApp, watau allon da mutum ke liƙa hoto ya yini ya kwana, wanda aka shigo da shi a 2017. Mata da yawa suna sakin jiki da shi saboda hoton yana gogewa da kansa bayan awa 24. Amma cikin awa 24 ɗin nan, duk wanda ya gani yana iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa ya ajiye. Kuma in ba a gyara tsarin ba, duk wanda uwa ta ajiye lambarsa, shi ma ya ajiye tata, yana gani. A Jiratawa, inda aka gyara fadamar noman rani tun farkon shekarun 1980, mata suna cinikin zogale da kayan lambu, suna kai wa kasuwar Maraɗi. Wayar irin wannan mace cike take da lambobin dillalai da direbobi da masu saye daga garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba. In ta liƙa hoton buhunan zogale don talla, sa'an nan ta bi shi da hoton ƴarta, to, ta shigo da kasuwa har cikin ɗakinta ba ta sani ba.

Haka zaurukan WhatsApp. Sunan zaure suka ci, amma babu mai gida zaune a bakin ƙofa yana tambayar baƙo daga ina. Tun 2022 zaure guda yana iya ɗaukar mutum 1024. Zauren dangi yakan fara da mutum goma, a hankali a shigo da surukai da abokan surukai, har a kai inda ba wanda ya san kowa. Kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun 2019, amma biyar ɗin nan kowane yana da nasa biyar.

Akwai kuma hanyoyin da ba su da alaƙa da intanet. Waya guda takan zaga hannun miji da ƙane da ɗan maƙwabta. Akan bar ta wurin mai caji ta yini, akan kai ta wurin mai gyara a kasuwa, akan sayar da ita ba a goge abin da ke ciki ba. Hoton jariri tsirara cikin kwanon wanka, wanda uwa ta ɗauka don dariyar gida, yana iya fita ta nan. A zamanin yau kuwa akwai na'urorin kwamfuta da ke ɗaukar fuskar mutum su ɗora ta a jikin wani, su sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Sa'an nan hoto yakan faɗi abin da uwa ba ta yi niyyar faɗa ba. Rigar makaranta tana nuna inda yaro ke karatu, ƙofar gida tana nuna unguwa, lambar mota tana nuna mai ita. A gundumomin Madarumfa da Gidan Rumji, inda Jiratawa da Tibiri suke, ƙauyukan bakin iyaka sun sha fama da masu satar mutane don kuɗin fansa, musamman daga 2019 lokacin da dubban ƴan gudun hijira suka tsallako daga Najeriya. A irin wannan hali, uwar da ta ƙi nuna gwal ɗin suna da sabuwar motar maigida tare da fuskar ɗanta, ba za a ce da ita mai camfi ba.

ABIN DA 2005 TA KOYAR

Maraɗi ta riga sauran garuruwa sanin ƙarfin hoton yaro. A daminar 2005, bayan fari da farin dango na 2004, abinci ya yi tsada, yara suka yi ta ramewa. A watan Yuli gidajen telebijin na Turai, da BBC a gaba, suka ɗauki hotunan yara masu tamowa a cibiyar ƙungiyar likitoci ta MSF da ke Maraɗi, suka watsa wa duniya. Hotunan nan sun girgiza zukata, taimakon da aka daɗe ana roƙo ya fara zuwa, kuma a wannan shekara ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Rayuka da dama sun tsira.

Yaran da suka rayu daga cikinsu yau sun kai shekara ashirin. Wasu magidanta ne, wasu iyaye mata. Hotunansu kuwa har yanzu suna cikin rumbunan intanet, suna nan yadda aka ɗauke su a rana mafi muni ta rayuwarsu. Wannan darasi ya shafi uwar da ɗanta ke kwance a asibiti a yau, kuɗin magani ya gagara, aka ba ta shawara a ɗauki hotonsa a watsa a nemi taimako. Sau da yawa taimakon yana zuwa, kuma ba mai zargin uwar da ta nemi ceton ɗanta. Sai dai hoton yakan ci gaba da yawo bayan yaron ya warke, wani lokaci ma macuta su canza lambar waya su ci gaba da karɓar sadaka da shi. Shi ya sa masu lura sukan rufe fuskar yaro da al'aurarsa, su nuna takardar likita, su bar amintaccen mutum guda ya tattara taimakon, in buƙata ta biya kuma su sanar a daina turawa.

CIKIN GIDA

Ba daga waje kaɗai damuwa ke zuwa ba. A gidan da ke da mata biyu ko uku, hoton yaro yana iya zama makami. In maigida ya liƙa hoton ɗan amarya ya manta da na uwargida, an sami abin faɗa na mako guda. In kishiya ta ɗauki ɗan abokiyar zamanta yana cikin datti ko yana kuka ta tura wa danginta, an taɓa mutuncin uwa ta hanyar ɗanta. In aure ya mutu, yara suka zauna gidan uba, wata uwar ba ta ganin ƴaƴanta sai a Statut na mutane. Wata kuma takan watsa hotunansu don ta nuna an wulakanta su, rigimar manya ta koma kan fuskar yara.

Ƴa mace ta fi shiga haɗari. Bidiyon yarinya ƴar shekara takwas tana rawa a gidan biki abin dariya ne a yau, kuma a TikTok yana iya samun masu kallo dubbai. Bayan shekara goma, lokacin da dangin mai neman aurenta suka fito bincike, wani yana iya tono shi ya ba shi wata fassara. Haka yaron da aka ɗauka ana dukansa, ko ana yi masa dariya don ya yi fitsarin kwance: abokan makarantarsa za su gani, su laƙaba masa sunan da zai bi shi har girma. Tsagar Gobirawa, wadda iyaye da yawa suka daina yi a yanzu, aƙalla alama ce ta asali da alfahari. Tambarin da hoto ke bari ba kullum yake zama na alfahari ba, kuma shi ma ba a tambayi yaron ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta tanadi a aya ta 16 cewa yaro yana da hakkin a kiyaye sirrinsa da mutuncinsa. Yarjejeniyar Afirka kan hakki da jin daɗin yaro, wadda aka tsaida a Adis Ababa a 1990, ta maimaita haka a aya ta 10, tare da amincewa da ikon iyaye na sa ido kan tarbiyyar ƴaƴansu. A cikin gida, Nijar ta yi dokar kare bayanan da suka shafi mutum a 2017, ta sake ta da sabuwa a watan Disamba na 2022, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da wannan aiki. Hoton da ake gane mutum da shi yana cikin irin waɗannan bayanai. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta watan Yuli na 2019, wadda aka yi wa gyara a 2022 da 2024, ta tanadi hukunci kan hotunan batsa na yara da kuma ɓata suna ta hanyar na'ura.

Faransa ta ƙara matsawa gaba. Dokar ranar 19 ga Fabrairu 2024 ta ɗora wa uwa da uba tare nauyin kare hoton ɗansu, ta ce a nemi ra'ayin yaron gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, ta kuma ba alƙali ikon hana ɗaya daga cikin iyaye watsa hoton in ɗayan bai yarda ba.

Duk da haka, jandarma ba ya tsaye a ɗakin mai jego. Doka tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, kuma ko an hukunta mai laifi, ba a iya bin wayoyi ɗaya ɗaya a goge. Hukuncin farko yana hannun wadda ke riƙe da yaron.

DABARUN IYAYE MATA

Matan da suka fi samun kwanciyar hankali a wannan al'amari, in aka duba, tsohon tsari suka maido cikin sabuwar na'ura. Sun raba hotuna kamar yadda aka raba gida. Akwai na ɗaki: wanka, shan nono, rashin lafiya, kaciya, kuka; waɗannan ba sa fita, wasu ma ba a ɗaukarsu sam. Akwai na tsakar gida: haƙorin farko, tatata, kwalliyar Salla, waɗannan ana tura su kai tsaye ga uba da kaka da inna, mutum ɗaya ɗaya, tare da roƙon kada a wuce da su. Akwai na zaure: sanarwar haihuwa da addu'a, wadda za a iya yi da rubutu ko murya, ko da hoton ɗan hannun jariri, ba tare da fuska ba.

Sun kuma maido lokaci. Wasu suna hana ɗaukar hoto kafin suna, wasu har sai an yi arba'in. Kuma da yake mai jego ba ta iya tsawata wa dangin miji, akan ɗora wannan aiki a kan tsohuwar da ke zaman jego, wadda maganarta ba ta da nauyin faɗa: ita ke cewa a ajiye waya a bakin ƙofa.

Ita kanta wayar tana da makullai, sai dai galibi an rubuta su da Faransanci ko Ingilishi, kuma a nan ne wanda ya yi karatu zai taimaki wanda bai yi ba. A cikin tsarin WhatsApp, wurin da aka rubuta Confidentialité, ana iya zaɓen waɗanda za su ga Statut, a fitar da abokan ciniki, ko a ware mutum kaɗan. Ana iya ɓoye hoton da ke kan lamba ga wanda ba a sani ba, ana iya hana a jefa mutum cikin zaure ba da izninsa ba. Tun 2021 akwai hanyar tura hoton da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, ko da yake mai mugun nufi yana iya ɗaukarsa da wata wayar. Mai sana'a kuwa, in hali ya yi, gara ta raba lambar kasuwa da ta gida. Kafin a kai waya gyara ko a sayar da ita, a cire katin ajiya, a goge abin da ke ciki. Malaman yaƙi da jahilci, da ungozomomi, da ma'aikatan gidajen haihuwa, da shugabannin ƙungiyoyin mata, suna iya koyar da wannan cikin rabin awa, kamar yadda ake koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari. Maraɗi tana da Iya, Tibiri tana da Inna. Ƙasar da ta saba da jin maganar manyan mata ba za ta rasa mai jan wannan aiki ba.

Abu na ƙarshe shi ne tambayar yaron kansa. Ɗan shekara bakwai ya san kunya, ya san abin da ba ya so abokansa su gani. Uwar da ta nuna masa hoto ta ce ko a tura wa kawu, in ya ƙi ta fasa, ta koya masa cewa jikinsa da fuskarsa nasa ne, kuma gobe in ya riƙe tasa wayar zai nemi iznin wani kafin ya watsa hotonsa.

An ce ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne, domin dangi da unguwa ke tarbiyyarsa. Amma waɗanda suka yi wannan karin magana sun san kowan da suke nufi, sun san sunansa da gidansu. Hoton yaro amana ce da uwa ke riƙe masa kafin ya yi wayo. Ran da ya girma ya tambaya, ya kamata ya tarar da ita yadda zai ji daɗin gani. Allah shi raya yara, shi ba iyaye ikon riƙon amana.